Kwalba Biyun da Baban Luka Ya Binne

Matso kusa, mai karatu, in gaya maka abin da ko a Zumuntar Mata ban faɗa ba. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Bitrus, Baban Luka, kuma kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗora miya sai in manta gishiri.

Baban Luka ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Da ya yi ritaya muka koma gida, gindin dutsen Kagoro. Kowa citta yake shukawa, shi kuwa sai ga shi da wasu ƙirare da ya samo wurin wani tsohon Fada na coci, wai inabi ne. Ya ce sanyin da ke saukowa daga dutse yana hana 'ya'yan saurin nuna, kuma abin da ya nuna a hankali ya fi riƙe ɗanɗano. Ban yi nisa a makaranta ba, amma kunnena ba ya zubar da magana.

Yakan matse 'ya'yan a randa, kullum ya kara kunne yana jin yadda ruwan ke tafasa ba wuta. In ƙarar ta mutu sai ya tace, ya ɗura a kwalba, ya toshe, ya liƙe da kakin zuma. Na taɓa ɗanɗana sabuwa. Tsami ya kashe mini haƙori, bauri ya ɗaure harshe kamar na ci ɗanyar kanya. Na tofar. Ya yi dariya ya ce, "Maman Luka, ba burukutu ba ce. Jaririya ce. Sai ta shekara biyar za ta iya gaisuwa."

To ga inda muka yi kuskure. Mu nan burukutu muka sani: yau ta nuna, yau a shanye, in ta kwana biyu sai aladu. Ranar jana'izarsa da baƙi suka yi yawa, wansa Baba Yohanna ya kwaso kwalaben da ke ɗaki kaf, ya ce kada su lalace a banza. Ina cikin kuka, ban iya buɗe baki ba. Aka sha ana yamutsa fuska. Da kunnena na ji wani na cewa, "Wannan ne abin da Bitrus ya ƙare ƙarfinsa a kai? Ai gara ruwan tsamiya." Har yau a unguwarmu, in mutum ya yi aikin banza, sai a ce ya shuka inabin Bitrus.

Abin da ba su sani ba, akwai kwalba biyu da ya kwantar cikin tulu ya binne a ƙarƙashin rumbu, inda rana ba ta kaiwa. Ni kaɗai na sani. Shekara bakwai ina wucewa ta wurin ina kau da kai. In na buɗe na tarar ta lalace fa? Ke nan masu dariya sun yi gaskiya, ni kuma na binne shi karo na biyu.

Sai ga ɗanmu Luka ya zo daga Kaduna, ya wasa adda. "Mama, kafin ruwa ya sauka zan sare kurangar inabin nan in sa citta. Tsuntsaye kawai take ciyarwa." Ban ga laifinsa ba. Na yi ta tunanin abin da ubansa zai ce. Shi ba mai gardama ba ne. Na san cewa zai yi, a kawo kofi.

Ranar Lahadi da aka taso daga coci na kira Baba Yohanna, na sa Luka ya tono tulun. Na kankare kakin kwalba ɗaya, na zuba a kofi. Ja ce mai duhu, ƙamshinta kamar ɗinya nunanniya da ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Tsamin na nan amma ya kwanta, baurin ya yi laushi, kuma ko bayan an haɗiye ɗanɗanon ya ƙi barin baki. Baba Yohanna ya shanye, sannan ya miƙo kofi. "Matar ƙanena, ƙara mini. Ashe ɗanya muka sha ran nan." Da Luka zai tafi ya jingine addar a bayan ƙofa, ya ce kurangar ta ƙara shekara, mu gwada matsa tamu.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Baban Luka ya dafa, mu muka sha. Abin da ya bar mana ke nan, haƙurin nan nasa, sai kuma ƙarar randar da ke cikin kunnena, domin bai rubuta komai ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Saura kwalba ɗaya. Baba Yohanna ya ce a buɗe ta gaban waɗanda suka yi dariya, sunan ƙanensa ya wanku. Luka ya ce a ajiye har tamu ta girma, mu gane ko mun kama hanya. Marigayin kuwa ya taɓa ce mini kowace kwalba tana da ranar da za ta fara tsufa, kuma ba mai sanin ranar.

Kai da ka saurare ni har nan, in kai ne, za ka buɗe ko za ka mayar da ita ƙasa?