"An Ce" Ɗin da Ya Bi Balkisu Har Kabari

Shekara biyar ke nan da muka binne ƙawata Balkisu, har yau in na bi ta unguwarsu Greenbelt, a nan ƙasar Turawa, ba na iya ɗaga kai in kalli tagar ɗakinta.

Abinci take sayarwa a wani ginin gwamnati a unguwar Southwest. Da korona ta zo aka rufe ginin, ta koma gida da ƙaramar 'yarta Amina, ba miji, ba takardun neman tallafi. Sai ta rufe fuska, ta kunna kyamara, ta shiga shafukan batsa da ake biya a kalla. Da bakinta ta faɗa mini, ba kwana-kwana. Ta ce, "Yaya, kowa yana kulle a gida, wannan kasuwar kaɗai ce ba a rufe ba." Na yi mata faɗa, na yi kuka, amma ba ni da aikin da zan ba ta.

Ta rufe fuska, ta manta da lalle. Zanen hannunta irin na Damagaram ne, Bature ba zai san shi ba. Namu ne suka gane, magidantan da ke zaune da sunan aiki daga gida. Nan da nan magana ta zaga wayoyi. Sai dai ban taɓa jin wanda ya ce "na gani" ba. An ce, an gani, an turo mini. Da cutar ta ɗauke ta, aka fake da dokar hana taro, har waɗanda ke zuwa jana'izar kowa ba su zo ba.

Bana ga shi ana ta sallamar ma'aikata, wasu cikin masu "an ce" sun koma zaman gida da waya a hannu. Da tana raye ba dariya za ta yi musu ba, na san ta. Tambaya za ta yi, wace mace ce yanzu ke gaban kyamara saboda kada a fitar da kayanta waje kan kuɗin haya.

Amina tana hannuna, ta zama budurwa. Tana jin Hausa, da Turanci take amsawa. Kwanan baya muna dawowa daga suna a garin Bowie, inda ta tsinci ƙus-ƙus ɗin mata, ta ce, "Anti, wace ce wannan Ann ɗin? Kullum ita ke faɗin magana a kan Mama." "An ce" ɗin da take ji, ta ɗauka sunan wata Baturiya ne.

Na ce mata "an" ba sunan kowa ba ne. Sai ta ce, "To wa ya gani?"

Hisabin Balkisu yana wurin Ubangijinta, Allah Ya yafe mata. Abin da ta bari shi ne yarinyar da ba ta taɓa kwana a titi ba. Tambayar yarinyar ce na kasa amsawa, ba don ban san sunayen ba. Rabinsu, Amina durƙusawa take yi ta gaishe su, tana ce musu Baba.