Ranar da aka zo bikonta

Shekarun da na yi ina aikin sa kai da ƙungiyar matanmu ta Magariya, kowace ranar kasuwar Guci nakan hau kabu-kabu in je in zauna da mata, mu yi zancen dukan da ake yi musu a gida. Ni mai saurin fushi ce, abokan aikina har tsokanata suke yi wai wata rana ni za a kai wa jandarma, wato jami'an tsaro.

A can na san wata mai ƙuli-ƙuli, uwar yara uku. Mijinta ya taɓa karya mata hannu da taɓarya. Da ya sake tasar mata har ya fama hannun, ni na raka ta likita, daga nan ta yi yaji zuwa gidan wanta. Har na fara murna, na ce ta tsira.

Ranar da aka zo biko ina gidan. Mijin bai ko leƙo ba, dattawa ya turo da goro da turmin atamfa. Babbansu, tsoho mai furfura, ya cire hularsa ya ajiye gaban wan nata, yana roƙo. A wajenmu ba a mayar da tsohon da ya yi haka hannu rabbana. Wan ya sunkuyar da kai, na san magana ta ƙare.

Na kasa haƙuri na ce, "Baba, in ya kashe ta fa?"

Ya ce, "'Yar nan, mun yi masa faɗa. Kuma 'ya'yanta na can suna kuka."

Babu wanda ya tambaye ta. Ta ɗaure kayanta, hannun ma bai gama warkewa ba. Raina ya ɓaci. Da za ta hau amalanke ta riƙo mayafina ta ce, "Yaya, ba zan bar masa yaran ba. Amma duk ranar da ba ki gan ni a kasuwa ba, don Allah ki tambaya."

Da damina ta faɗi, na zo na tarar wata na sayar da kuɓewa a wurin zamanta. Na tambaya. Matan suka dubi juna, sannan ɗaya ta ce, "Allah Ya yi mata rasuwa. An ce zazzaɓi ne."