Makahon da Ya Saurari Rana

Wata rana wata tela mai suna Murjanatu ta shiga wajen 'yan gwangwan a Funtuwa, ta sayi tsohon faifan setilait, duk ya yi tsatsa.

Ba don kallo ta saya ba.

Mahaifinta malamin kimiyya ne. Shekara talatin yana koyar da ɗalibai ilimin taurari, sai hawan jinin ido ya ɗauke masa gani.

Tun daga nan ya daina hira. Abinci ma sai an yi ta lallashi. Kowa ya zo sai "sannu Malam", shi kuma ya juya fuska bango.

Sai Murjanatu ta tuna ya taɓa gaya mata rana tana fitar da igiyar rediyo, kuma ana iya kama ta.

Ita da ba ta san komai ba sai zare da allura, ta duƙufa koyo a waya. Ta haɗa faifan da batura da 'yar na'urar nan mai ƙara, wadda masu saka setilait ke neman sigina da ita.

Sau huɗu tana haɗawa.

Shiru.

Dalma ta ƙona mata yatsa, maƙwabta suna cewa ta zautu. Ta yi kuka, ta share, ta sake kwancewa.

Wata Asabar da hantsi ta riƙo hannun mahaifinta zuwa tsakar gida, ta ɗora tafukansa a bayan faifan, ta ce ya ɗaga a hankali.

Fiiiii!

Ya kawar, ƙarar ta kwanta. Ya mayar, ta sake tashi.

"Murja, mene ne wannan?"

"Baba, rana ce."

Hawaye suka gangara cikin gemunsa.

Can sai ya shafa ƙafar faifan, ya ɗaure fuska.

"Wa ya ɗaure notin nan a karkace? Miƙo mini sifana!"

Shekara biyu rabon da ya yi wa wani faɗa a gidan. Murjanatu ta ruga ɗauko sifana tana dariya, har da tuntuɓe.

Darasi: "Sannu" tana da daɗi, amma ba ta tayar da wanda ya zube. Nemo abin da zuciyarsa ke so, ka kai masa ta hanyar da zai iya karɓa.

Kada labarin nan ya tsaya a wayarka. Tura wa mai jinyar iyayensa, ko ya samu ƙarfin gwiwa.