Bargon Doki a Bayan Tarakta

Walburga mai sayar da man shanu ba ta san mutumin ba, amma tun da ya shigo kasuwar garin Straubing da taraktarsa ranta yake ɓace. Dogo ne, gemu ya soma furfura, takalmansa irin na masu kula da dawaki. Ga shi durƙushe a gaban injin da fitila mai feso wuta, yana gasa masa goshi, don wannan sabon yayi mai shan baƙin mai ba ya tashi sai kansa ya yi ja. Hayaƙi duk ya turnuƙe rumfarta.

"Kai, bawan Allah! Nan kasuwa ce ko maƙera?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya zare sitiyari, ya soka a gefen injin, ya murɗa don ya tada shi. Abin ya yi tari, ya kama bugawa.

Sai yanzu ta lura da abin da ya shimfiɗa a mazauni. Bargon doki ne, an ɗinka suna a gefe: Liesl. Wato ya sayar da goɗiyarsa ke nan! Kowa kuwa ya san inda tsofaffin dawaki ke ƙarewa bana, wurin mahaucin can ƙarshen layi. Dabbar da ta yi masa huɗa shekara da shekaru!

"Ka ji kunya," in ji ta. "Wannan ƙarfen zai gane muryarka?"

Mutumin yana shafa gefen injin. Hannunsa ya shiga aljihu bisa sabo, ya fito da ƙwayar sukari. Ya tsaya yana kallonta a tafin hannu, babu bakin da zai karɓa.