Randar Malama Lois

Kullum kafin a buga ƙararrawa, Malama Lois ta riga ta iso daga Tumfure a keke Napep. Aikinta na farko shi ne cika randar da ke ƙofar ofishinta, can ƙarshen ginin makarantarmu a Jekadafari. Ita ce malamar ba da shawara, mai sauraron yaran da abu ya tsaya wa a rai.

Da farko ba mai zuwa, don yara sun raɗa wa ɗakin "ofishin masu taɓin hankali". Sai ta sayo randa. Duk wanda aka gani a wurin, ruwa ya zo sha. Ni da nake koyar da lissafi na ga ƙishirwa iri-iri, har da ta ranar da ake sheƙa ruwan sama.

Wata ɗalibarmu, Bushra, ta daina magana bayan rasuwar mahaifiyarta, har ana shirin korarta da sunan taurin kai. Ta daɗe tana shan ruwan randar nan kafin ta shiga. Yau ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ta faɗa a ciki kuwa, babu wanda ya sani.

"Haba Malama, ki ɗan gutsura mana," in ji malamai.

"Ba nawa ba ne, balle in raba."

Daga nan aka daina kiranta hira. Ita kaɗai take cin abincinta.

Kowane yaro takan ce masa, "In mun haɗu a kasuwa, ba sai ka gaishe ni ba, kada a tambaye ka inda ka san ni." Na ga waɗanda ta ceto suna wuce ta kamar baƙuwa, ita kuwa tana ta tayin tumatir. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Malama, ke ce uwar da ba a nunawa, ke kika sayi mutuncin yaranmu da kaɗaicinki. Mun gode, Allah ya saka miki. Mu da muka rage, a samu mai cika randar nan, ya kuma iya riƙe bakinsa.

Ranar da ta yi ritaya na ce, "Dokar kasuwar nan fa?"

Ta ce, "Don su na kafa ta. Amma in sun gaishe ni, zan amsa."

Ku da kuka sha ruwan randarta, ranar Asabar take zuwa cefane.