Motar Rani

Motar ta wani Bature ce mai aikin auna hanya. Da aka samu mulkin kai ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar ta hannun kawuna, wanda ke da kamiyo masu ɗaukar kaya tsakanin Gaya da Dosso. Ja ce, ƙarama, kujera biyu tak, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Irin motar da Turawa ke yi don gudu kawai. Kawu bai iya tuƙi ba, ba ya ma son koyo. Abin da yake so, a kai shi bakin gada da safe, inda duwan, wato 'yan kwastan, ke tsaida kamiyonsa in sun ƙetaro daga Malanbil, a maido shi gida kafin la'asar.

Ni lokacin na bar lakwal, makarantar boko, tun ban kai ko'ina ba. Na zauna wurin tela, na gudu. Na bi Sarkawa masunta cikin jirgi, sauro ya koro ni. Babana can ƙauyenmu Bana ya aiko cewa a maido mishi ni gona, tunda birni ya gagara. Kawu ne ya tare. Na ɗan iya tuƙi wurin shoferorinsa, sai ya kira ni zaure, ya aje lakile, makullin motar, kan tabarma.

"Ka gan shi? Ranar da motar nan ta tsaya da ni kan hanya saboda wautarka, nan za ka maido shi, ka kama hanyar Bana. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Kawu."

Gonar Bana ita ce abin da na fi tsoro a duniya. Duk da haka hannuna bai iya zama ba. Cikin aljihun motar Baturen ya manta da wata yagaggiyar jarida mai hoton motocin tsere, cikinsu kamar ya taɓa ƙasa. Kullum ina jiran Kawu bakin gada, in duba hoton in duba tamu. Sai in ga tamu ta yi tsaye da yawa, kamar akuya.

Bayan tasha akwai garajin wani makaniki ɗan Dahome. Da Kawu ya yi tafiya Kamba na kai mishi ita, na nuna mishi hoton. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Peti, yaro, nan ba Faransa ba ne. Ka ga gudiro, hanyar kwalta, a Gaya?"

"Kai dai sauke ta."

"Fatoro, maigidanka, ya sani?"

"Ya ce in kula da ita, to kulawar ke nan."

Ya shiga ƙarƙashi. A baya ya zare lam, faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa su ɗauki nauyin mota, ya rage kowane gefe. A gaba ƙarfen murɗaɗɗe ne, ya yanke mishi zobe da zarto. Da na tambayi ladansa ya ce in bar mishi lam ɗin da ya cire, sun ishe shi. Na yi murna, ina ganin na samu banza.

Ta yi kyau, wannan ba gardama. Ta kwanta kamar kada bakin gulbi. In na sha kwana ba ta karkata. Amma tun daga ƙofar garajin bututun hayaƙi ya gogi ƙasa, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Makanikin ya leƙo ya nuna mini tukunyar man inji da ke ƙasa, wadda suke cewa kartar. Ya sa tafin hannunsa tsakaninta da ƙasa, bai shiga duka ba.

"Wannan in ya fashe, mota ta mutu. Sauran duka hayaniya ce."

Kawu ya dawo, ya zo shiga, ya ji ya faɗa kujera kamar wanda ya zauna cikin kwarya. Mutum ne mai jiki.

"Kai, motar nan ta gajarce ko ni na ƙara tsawo?"

"An gyara ta ne, Kawu, don kar ta riƙa girgiza ku."

"To ga shi yanzu duk tsakuwar garin nan ina jin ta a ƙuguna."

Sharaɗinsa kar ta tsaya, kuma ba ta tsaya ba.

Rani duka haka muka yi. Na sauke mota don in yi gudu, sai na koma wanda ya fi kowa tafiya sannu a Gaya. Masu jakai na wuce ni suna cewa, "Sannu da gudu, shofer!" Na san kowane rami daga gidan Kawu zuwa gada. Inda kamiyo suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya, ba na shiga sawun, sai in ɗora ƙafa ɗaya kan tudun. Gangara kuwa a karkace nake shigarta, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na samo katako biyu masu kauri na ɗaure bayan kujera, in wuri ya yi wuya in fita in shimfiɗa. Ranar kasuwa ba na bi ta ciki sam, na kan zagaya ta bayan masallaci. Rairayi ma ya zama abokin gaba, don in ta nutse kaɗan cikinta ke zama, ƙafafu na juyawa banza.

Abin da ban lissafa ba shi ne damina. Ruwan Gaya ba irin na arewa ba ne, in ya sauko daga tudu sai ya bi lunguna kamar an buɗe mishi ƙofa. Don haka da hadari ya fara haɗuwa kowane gida sai ya fito da laka da duwatsu ya yi datsi a gicciye, daga bangonsa har tsakiyar lungu, wani har ya haɗe da na maƙwabci, ruwa ya kauce wa ƙofarsa. Haka ake yi tun kafin a haife ni, na sha tsallake su da ƙafa ban taɓa kula ba. Wata safiya na fito da mota, na tarar lungunmu ya zama hawa da sauka.

Na bi gida-gida ina roƙo. Wasu suka yarda na kwantar da gefen datsinsu ya yi faɗi, yadda katako zai hau. Amma a bakin lungu akwai wata tsohuwa, muna ce mata Inna, gidanta ne ya fi kowane gangarawa, datsinta kuma ya fi na kowa tsawo.

"Inna, ku bari in rage shi kaɗan, ko taƙi guda."

"Bara ruwa ya ci mini rumbu, kana ina? Kai da ka yanke wa motarka ƙafa, ni za ka yanke wa datsi?"

"Zan gyara muku da yamma."

"Ruwan da kai ya yi alkawari zai jira yamma?"

Gaskiyarta ce. Sai na koma garaji in ce a mayar da lam. Makanikin ya buɗe hannu. Ya ce ai tun ranar ya kai wa maƙeri, don ba ƙarfen da maƙera ke so kamar na lam, shi ke yin adda da hauya da ba sa lanƙwasa. Na je maƙera da kaina. Maƙerin ya nuna mini hauya guda da ta rage jingine da bango, sauran duk manoman Dioundiou sun saye. Irin lam ɗin motar kuwa babu shi ko a Dosso, na kamiyo sun yi mata girma.

Sai na shiga dabara. Kullum in mun kai datsin Inna in ce, "Kawu, ku ɗan sauka ku gaisa da Inna." Ya sauka, mota ta ɗago kaɗan, in haye kan katako, ya sake shiga. Ya gane sarai, ya dai ƙyale ni. Inna ma ta gane, tana cewa, "Alhaji, bana zumunci ya yi yawa."

Ran wata Juma'a aka kwana ana ruwa. Da safe Inna ta ƙara wa datsinta laka. Kawu ya sa babbar rigarsa fara, ya ce yau ba zai taka caɓi ba, in haye da shi. Na shimfiɗa katako, na hau a karkace yadda na saba. Ƙafafun gaba suka wuce. Katako ɗaya ya nutse cikin sabuwar lakar, motar ta zauna daram kan cikinta. Na ba ta wuta, ƙafafun baya na ta juyawa suna watsa laka. Kartar bai fashe ba, abin da na fara dubawa ke nan. Amma ta tsaya, kuma Kawu na ciki.

Sarkawa ne masu dawowa daga gulbi suka aje kwandunan kifi suka kama ta. Suka ɗaga ta da Kawu a zaune, suna ba juna baki kamar masu jan jirgi. Ɗayansu ya ce, "Alhaji, da kun faɗa mana da mun zo da filafili." Duk lungu ya fito kallo.

Bayan an sauko daga masallaci ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba. Na aje lakile kan tabarma inda ya fara aje shi. Ya tambayi inda ƙarafan suke, na faɗa mishi. Ya aika aka karɓo hauyar nan da ta rage, ya miƙo mini.

"Tunda taka ce, tafi da ita."

Da ita na yi noman shekarar nan a Bana. Hauya ce mai kyau, babana ma ya yaba, ya ce bai taɓa riƙe mai kaifinta ba. Motar kuwa aka ɗora ta kan duwatsu cikin gida, kaji na kwana ƙarƙashi.

Bayan an yi girbi, ƙafafun mutane da na jakai sun tattake datsin lungu sun kwanta, sai ga saƙon Kawu in dawo, gwiwarsa ta gaji da tafiya gada. Daga nan abin ya zama tsari ba tare da kowa ya faɗa ba. Rani ina tuƙi, hadari na haɗuwa in ɗora ta kan duwatsu, in cire batir, in ɗauki hauyata in tafi Bana. Shekaru muka yi a haka, har injin ya gaji don kansa. Mutanen lungu motar rani suke ce mata. Inna kuwa in ta ga na fito da duwatsun nan, sai ta aika a kwaɓa mata laka.