Baƙar Rigar Mai Farar Alewa

Da an idar da sallar asuba a Buldaji, hayaƙin farko da ke tashi a layin bayan kasuwa na Usta Safarali ne. Sauran masu yin gaz, farar alewar nan da ta fitar da sunan garinmu, tuni suka koma injin lantarki, su danna maɓalli su koma kan shayinsu. Shi har yau itace yake hurawa a ƙarƙashin tukunyar tagullar da ya gada. Ya narka darɓar da makiyaya ke kakkaɓo masa daga ƙayoyin kan dutse, ya zuba sukari, ya kaɗa farin ƙwai har ya yi kumfa, sannan ya kama muciya. Daga nan babu zama, babu doguwar gaisuwa. Haka zai yi ta tuƙi har abin ya koma fari tas, ya zuba ruwan wardi da ƙwayar almon mai kama da gyaɗa, ya yanyanka, ya binne cikin garin alkama don kada ya manne. Sai hantsi ya ɗaga yake samun kai shayi bakinsa, shi ma a tsaye.

A hutun Nauruz, bikin sabuwar shekara, layin ba ya shiguwa. Mutanen birnin Isfahan kan ɗebo iyali su nufi tafkin Cagahor shan iska, kuma ba a wuce Buldaji ba a leƙa masu gaz ba. Yadullah direban bas, wani ƙato mai tumbi da bakin tsiya, shi ke sauke su a ƙofar Usta, ya ce musu su kalla da kyau, daga wannan tsoho sai gidan tarihi. Su cika rumfar, su ɗaga wayoyi, maza su karɓi muciya don matansu su gani, su juya kaɗan su mayar suna haki. Su ɗanɗana har su ƙoshi, sannan su shaida masa cewa gaz ai asalinta ta Isfahan ce. Usta kan yi murmushi ya ƙara miƙa musu tire. Kafin la'asar duk sun watse, sai shi da tukunya da takardun da yara suka zubar.

Bana waɗanda suka zo sun tarar da shi cikin baƙar riga, gari ya yi mata fari-fari a ƙirji. Turan, matarsa, ta rasu a farkon sanyi. 'Yar gajeriyar kujerarta na nan bakin ƙofa, inda ta shafe shekaru tana zama da tiren almon a cinya, tana ɓarewa, tana hira da masu wucewa, tana gatsar wannan ƙwaya tana gatsar waccan, wata ta tofar a gwangwanin da ke gefen ƙafarta. Kullum sai ya tsokane ta, ya ce shi ɓeran gidansa ba ya shiga rami, kujera gare shi. Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi, sai ta ce, "Kai dai tuƙa." Baƙi ba su san kujerar wace ce ba, wasu ma jakunkunansu suka ɗora a kai.

Amma ba don alewa kaɗai ya cancanci jinjina ba. Masu gaz suna da yawa. Abin da mutanen Buldaji suka san shi da shi daban ne.

A nan, wanda aka yi wa rasuwa ta kusa ba ya cire baƙin kaya da kansa. Yana ciki har Nauruz ta farko ta zo, sai wani babba ya shigo masa da riga mai launi, ya ce ya isa haka, ya sa masa zaƙi a baki. Masu riƙo irin na da ma ba su taɓa alewa kafin wannan rana. Idan hutun ya ƙare ba wanda ya zo, sai kuma wata shekarar. Mai dangi ba ya rasa wanda zai yi masa. Marar kowa kuwa, ko wanda danginsa suka yi fushi da shi, sai ya yi ta yawo cikin baƙi har rigar ta koɗe.

Kai ne, Usta, ka ɗauki wannan a kanka ba tare da kowa ya ɗora maka ba. Bibi Kaukab ta gidan kusurwa har yau tana ba da labarin shekarar da mijinta ya rasu, danginsa suka juya mata baya saboda rigimar gona, ta zauna tana sauraron ƙofa har hutu ya kusa ƙarewa. Sai ga ka da Turan, da yadi mai furanni da akwatin gaz. Ta ce ba yadin ne ya sa ta kuka ba, yadda ka tuɓe takalmi ka zauna kamar gidan 'yar'uwarka ne. Akwai wani lebura ɗan Afganistan da ɗansa ya mutu a nan, ba shi da kowa, ba ya ma cikin al'adar tamu, ka bi shi har wurin ginin da yake aiki. Akwai wanda kuka yi shekaru ba ku ga-maciji saboda ruwan lambu. Da uwarsa ta rasu ka je, ya ce ba ya so, ka zauna a dakalinsa da rigar a cinya har kunya ta fito da shi. Da yawa a garin nan ba su tuna wanda ya sauke gawar mamacinsu a kabari ba, amma sun tuna wanda ya dawo da su cikin mutane.

To bana abin ya zo kansa, kuma a nan ne garin ya yi abin kunya.

Ba wai an ƙi zuwa ba ne. An zo. Tun ranar farko ta hutu ya share tsakar gida, ya ɗora ruwan shayi, ya zuba dabino a faranti kamar yadda ake yi a gidan makoki. Maƙwabta suka shigo, suka yi wa Turan fatiha, suka sha shayi, suka kalli baƙar rigar, suka kalli juna. Kowa na jiran babba ya fara. Babban kuwa shi ne zaune a gabansu, don duk unguwar babu wanda ya girme shi. Limamin masallaci sa'an jikansa ne. Bibi Kaukab ta sayi riga, ta ɓoye a ƙasan akwati, ta ce ina ita mace ina tuɓe wa dattijo kaya. Wasu kuma ko tunanin bai zo musu ba. Sun saba da cewa cire baƙi aikin Usta ne, har suka manta shi ma mutum ne mai wuya da kafaɗa. Ɗansa tilo ya bugo daga Jamus, ya ce, "Baba, ka cire kawai mana, wa zai gani?" Usta ya ce masa layin wayar ba kyau, ya ajiye.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Duk motsin ƙofa sai ya ɗago, ya dubi hannun mai shigowa kafin fuskarsa. Da safe ya tuƙa gaz ba tare da ya kai ko ɗigo bakinsa ba, hannu kawai ke gaya masa ta yi. Da yamma ya ci burodi da cuku a tsaye, don zama a kan shimfiɗar mutum biyu ya fi ƙarfinsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, kuma ya ji ciwon abin da aka yi masa, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Maƙwabtan da suka sayi gaz ɗinsa bana sun ji wani abu a cikinta da ba su saba ji ba. Suka tauna, suka haɗiye, suka ce masa Allah ya yi wa hannunsa albarka.

Ranar ƙarshe ta hutu ba a zama a gida. Kowa ya naɗe dardumarsa ya ɗauki tukunya ya nufi bakin tafki, har masu shaguna. Gari ya yi tsit, sai kyanwoyi. Usta ya zauna a rumfa ba wuta, yana duban wani ƙunshi da ya ajiye a kan kanta tun kafin hutu. Riga ce shuɗiya da ya saya wa Yadullah, wanda mahaifiyarsa ta rasu a tsakiyar sanyi, shi ma ba shi da wani babba. Abin da ya hana shi kaiwa, gani yake bai dace mai baƙi ya cire wa wani baƙi ba. Amma idan rana ta faɗi, Yadullah zai ƙara shekara a cikin tasa. Da azahar ta yi ya tashi, ya ɗauki ƙunshin da ɗan akwatin gaz, ya bi titunan da ba kowa zuwa tasha.

Ya same shi a inuwar bas ɗinsa yana cin shinkafa, ya sauke mutane a tafki yana jiran lokacin ɗebo su.

"Kawu, a ƙafa? Da ka aiko ai da na zo na ɗauke ka."

"A wannan akwalar? Na fi ta sauri."

Ya ƙi zama. Ya warware ƙunshin, ya ɗaga rigar, ya faɗi abin da ya saba faɗa a ƙofofin mutane. "Ya isa haka, Yadu. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Cire."

Yadullah ya goge hannu, ya miƙe, ya fara ɓalle maɓallai yana sharar ido da kafaɗa. Ya kai tsakiya sai ya tsaya. Ya dubi tsohon da ya yi mako biyu yana nuna wa baƙi, kamar yau ya fara ganinsa.

"Kawu, kai wa ya cire maka?"

"Waɗanda suka girme ni suna maƙabartar bayan gari, ɗan nan. Na je na gaishe su, ba wanda ya tashi."

Yadullah ya karɓi shuɗiyar rigar daga hannunsa. Ya ce ya sani shi bai isa ba, uwarsa ma Usta ya girme ta. "Amma ni direba ne, ba a san mu da kunya ba. Ɗaga hannu."

Usta ya ja da baya, ya ce ba haka ake yi ba, ya ce rigar ba tasa ba ce. Yadullah bai saurare shi ba. Ya ɓalle masa maɓallai da manyan yatsunsa masu baƙin mai, ya zare baƙar rigar, gari ya tashi daga jikinta, ya sa masa shuɗiyar. Ta sauko masa har gwiwa, hannayen suka rufe yatsunsa. Usta ya dubi kansa, ya ce da wani ya rage cin shinkafa da ta yi masa daidai. Suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Sannan ya sa Yadullah ya ɗauko rigar da yake gyaran mota da ita, mai ruwan lemo, duk ta yi dabbare-dabbare, Usta ya karɓa ya miƙa masa da hannu biyu yadda ake yi.

Saura zaƙi. Yadullah ya buɗe akwatin, ya kakkaɓe gari daga yanka guda, ya sa wa tsohon a baki. Usta ya rufe ido ya tauna. Zaƙin ya zo, ƙamshin wardi ya zo, sai haƙorinsa ya faɗa kan almon mai ɗaci, irin wanda kan ɓuya cikin buhu ba a bambance shi da ido sai an gatsa. Ya buɗe ido. Ya ce tun da yake yin gaz bai taɓa cin karo da wannan ba.

Yadullah ya sunkuyar da kai. "Tun farkon hutu haka take, Kawu. Ba wanda ya iya faɗa maka."

A nan ne ya tuna gwangwanin gefen kujera. Shekara da shekaru yana kiran matar ɓera, ashe masu ɗacin take tsincewa, tana gatsar duk wanda ta yi shakka a kansa, ta sha ɗacin a bakinta don kada ya shiga tukunyarsa. Ba ta taɓa faɗa masa ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Bai tofar ba. Ya tauna shi sosai ya haɗiye.

Yadullah ya tayar da mota ya tafi ɗebo mutane. Usta ya koma gida shi kaɗai ta titunan da ba kowa, cikin rigar wani, da baƙarsa a naɗe a hammata.

Mun gode, Usta Safarali. Mun gode da rigunan da ka kai gidajen da ba a zuwa, da wadda ka kai ranar da kai ne mai buƙata. Ka yafe mana jiran da muka sa ka yi. An ce kafaɗarka ta gaji, wannan Nauruz ce ta ƙarshe da za ka kama muciya a gaban baƙi. Tukunya kam za a samu mai gadonta ko a rataye ta. Ɗaya aikin ne ba mu san wa zai ɗauka ba, kuma ba ya buƙatar furfura, mun ga direba ya yi shi a tasha. Duk wanda ya san mai baƙar riga a unguwarsu, kada ya tsaya jiran babba, ya sayi riga ya tafi, ko ba ta yi daidai ba.

Masu zuwa Buldaji kuma, kafin a sauke tukunyar, ku leƙa layin bayan kasuwa. Yanzu da yamma za ku same shi a bakin ƙofa kan 'yar gajeriyar kujera, da shuɗiyar riga an naɗe hannayenta, da tiren almon a cinya, yana gatsa yana ɓata fuska yana tofarwa a gwangwani. Bai iya ba tukuna, rabin waɗanda yake gatsa masu daɗi ne. Ku ajiye waya, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi kujerar wace ce.